Kawu Mai Usur da Rukuni na Uku

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa a Aliero, tabarmin gidan ba su isa ba. Sai da aka aro na masallacin unguwa, aka kuma shimfiɗa buhunan albasa a gindin katanga. Na Allah muke, wurinSa za mu koma. Da wannan kowa yake shigowa, amma da ya zauna sai ya ɗauko labari.

Ina cikin gida kusa da Inna, mahaifiyata, wadda Kawu yake wanta uwa ɗaya uba ɗaya. Wani ɗan kabu-kabu ya tsaya daga bakin zaure ya yi wa matar Kawu gaisuwa, ya kasa tafiya. Ya ce, "Hajiya, ni Malam ya taɓa sa ni zagaye fili sau goma don na yi wa wani gurgu dariya. Har yau in na ɗauko mai sanda, sai na sauka na kama mashi."

Matar Kawu ta ce, "Ashe kai ma ka sha usur."

Aka yi dariya, ita ma ta yi, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska.

Madam ta zo daga Jega, malamarmu ta ilimin halittu, Kirista ce 'yar Binuwai. Ta yafa gyale, ta zauna a tabarma cikin mata. Da za ta tashi ta tambaya a hankali, "Ina usur ɗin Baba?" Matar Kawu ta nuna mata ƙusa a jikin bango. Yana nan rataye da igiyarsa ja wadda gumi ya mayar baƙa.

Kawu Babba kuwa, wansu duka, wanda ya gaji sana'ar ɗori ta gidan, an ce tun safe magana ɗaya ya yi. Ya ce, "Ni ne babba, amma ya riga ni. Ko nan sai da yay yi gaggawa."

Ni dama ba mai magana ba ce. A aji ina zama layi na biyu kusa da taga, in malami ya yi tambaya sai in rubuta amsar a gefen littafi in jira wani ya faɗa. Abin da ya sa na ɗauki biro yanzu shi ne wata takarda. Mako biyu bayan rasuwar aka koma makaranta, aka raba mana fom ɗin da kowane ɗalibi yake zaɓar rukunin da zai shiga a darasin motsa jiki na ranar Alhamis. Da layi uku ne a jiki: ƙwallo, guje-guje, tafiya. Bana biyu na gani. An goge na Kawu tun ba a yi sadakar arba'in ba. Ina so a san abin da ke cikin layin nan, da mutumin da ya sa shi.

Kawu ya koyar da motsa jiki a makarantarmu ta sakandare a Jega tun kafin a haife ni. Da na shiga aji huɗu ya riga ya yi ritaya, an kawo wani saurayin malami ya karɓi ƙwallo da guje-guje. Amma Kawu bai daina zuwa ba. Kowace Alhamis zai taho da ƙafa daga gidansa, da farin takalmi da hula da usur a wuya, ya tsaya bakin fili yana gyara wa mutane abin da ba su tambaye shi ba.

Ina da asma tun ina ƙarama. Baba, mahaifina, ya karɓo takarda daga likita cewa kada a sa ni gudu, ni kuwa na yi murna ƙwarai. Duk Alhamis sai in ɗauki littafi in tafi gindin dogonyaro. Mu tara ne a wurin. Akwai ƙawata mai sikila, 'yar garin Giwa Tazo da ke zaune wurin gwaggonta a Jega. Akwai wani yaro ɗan garin Katanga da shan inna ya taɓa wa ƙafa. Akwai 'yan mata biyu da iyayensu suka ce ba za su yi tsalle gaban maza ba. Sauran kuwa ƙiba ce ko tsoron dariya. Ba wanda ya damu da mu, mu ma ba mu damu ba.

A mako na uku na ga farin takalmi ya tsaya a gabana.

"Hajiya Littafi, mi ake yi nan?"

Na ce, "Kawu, ina da takarda."

"Kawu shina gida. Nan Malam ne. Kawo ta."

Ya karanta ta da ƙarfi sau biyu, kowa yana ji, har na ji kamar in nutse. Sannan ya miƙo mini. "Likita ya ce kada ki yi gudu, na yarda. Nuna mani inda yac ce ki zauna."

Na duba. Babu.

Ya juya ga sauran. "Ku fa? Ku ma likita ya ɗaure ku ga itacen nan? Ku tashi, kun zauna kamar albasar da ba a saya ba."

Ranar ya shiga ofishin shugaban makaranta, bai fito ba sai da aka ƙara layi na uku a fom. Da Baba ya ji, ya same shi a gida bayan la'asar ya ce cikin ladabi, "Yaya, yarinyar nan likita muke son ta zama, ba mai tsere ba." Kawu ya ce, "To madalla. Likitar da ba ta iya hawa benen asibiti, marasa lahiya za su sauko mata?" Baba ya yi dariya, bai sake tayar da zancen ba.

Tsarin Kawu ba shi da wuya. Da farko kowa ya zauna ya huta. Sai a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, inda jini ke bugawa. Ya busa usur, mu fara ƙirgawa a zuci, yana kallon agogonsa. Minti ɗaya ya cika, ya sake busawa, kowa ya rubuta abin da ya samu a littafinsa. Daga nan mu zagaye katangar makaranta, mata a gaba, maza a baya, shi a ƙarshe tare da ɗan Katanga. Yakan ce, "In kina iya waƙa, kin yi sanyi. In ba ki iya magana, kin yi sauri. Tsakani nike so." Da an dawo a sake ƙirgawa, a sake rubutawa. Bai taɓa kama hannun wata ɗaliba ba. Daga nesa yake ɗaga nasa hannun ya nuna wurin, kowa ta nemi nata.

'Yan ƙwallo suka sa mana suna ajin tsofaffi. In mun zo wucewa sai su dafa ƙugu suna tari. Kawu yakan ce, "Ku bar su. Wanda ya kai shekaruna a cikinsu, wanga ajin zai dawo."

Nan ne na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Ranar farko na ɗora yatsu ban ji komai ba. Na matsa, na sassauta, shiru. Usur ya tashi, ya sake tashi, ni ban ƙirga ko ɗaya ba. In ɗaga hannu in ce ban iya ba? Ni da nake zuwa ta ɗaya a aji? Sai na tuna a littafin ilimin halittu an ce zuciyar mai lafiya tana bugawa kamar sau saba'in da biyu a minti. Na rubuta saba'in da biyu. Bayan mun zagayo ina haki, na sake rubuta saba'in da biyu, don littafin bai ba da wata lamba ba.

Abin da ban lura da shi ba, 'yan ajinmu sun saba leƙa littafina. Ta kusa da ni ta kwafa, ta kusa da ita ta kwafa. Mako uku muna haka. Ranar da Kawu ya karɓi littattafan ya zauna a kan dutse yana buɗewa ɗaya bayan ɗaya, sai muka ga kafaɗarsa tana rawa don dariya.

"Ikon Allah! Mata shida da zuciya ɗaya. Kun zauna, saba'in da biyu. Kun tahi kun dawo, saba'in da biyu. Ko agogon masallaci bai kai ku tsari ba. Wa ke da zuciyar, ta ara ma sauran?"

Duk suka kalle ni.

Na ɗauka zai yi mini abin da ya saba, don harshensa yana da kaifi, ya sha sa manyan samari kuka. Sai ya sallami kowa ya ce in tsaya. Ya ce, "Ɗiyata, ba ki ji shi ba ne, ko?" Na gyaɗa kai, hawaye na zuba. Ya ce in juya tafin hannu sama, in bi gindin babban yatsa in gangaro kaɗan, kada in danna da ƙarfi. Na yi. Sai ga shi, ƙaramin motsi a ƙarƙashin fata, kamar wani yana ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Shekarata goma sha biyar, ban taɓa sanin yana nan ba.

Ya ce, "Wancan na littahi, na wani mutum ne da ba mu sani ba. Wanga shi ne naki. In ya yi kyau ki rubuta, in ya yi muni ki rubuta. In kika yi mani ƙarya nan, ranar da kika zama likita wa za ki yi ma?"

Ya busa usur don ni kaɗai. Na samu tamanin da takwas.

Ban ce tafiya ta warkar da ni ba. Har yanzu abin shaƙata yana cikin jaka. Amma a zangon farko zagaye ɗaya nake yi in tsaya, a ƙarshen shekara ina yin huɗu ina hira. Kuma akwai wata Alhamis da ƙawata mai sikila ta ƙirga tana zaune ta samu abin da ya wuce ɗari da goma. Da a da ne, saba'in da biyu za ta rubuta ta bi mu cikin rana. Kawu ya duba littafin, ya duba idonta, ya kira Madam ta kai ta asibiti. Zazzaɓi ne yake shigowa, aka tare shi da wuri. Gwaggonta ta aiko masa da fura a ƙwarya, ya zauna gindin dogonyaro ya raba mana da ludayi ɗaya.

A gida kuwa an san shi da taurin kai. Gidan kakanninmu a Aliero gidan ɗori ne, daga nesa ake kawo masu karaya. Kawu ya koya tun yana yaro, an ce hannunsa ya fi na kowa taushi, amma ya bari ya tafi koyarwa. Wata shekara wani ɗalibi ya karye a hannu wurin ƙwallo. Maimakon ya wuce da shi gida kai tsaye, sai ya fara kai shi asibiti aka ɗauki hoton ƙashin, sannan ya shiga zauren Kawu Babba riƙe da hoton. Inna ta ce ranar har maƙwabta sun ji. Kawu Babba ya ce, "Ubanmu da hoto yay yi aiki?" Kawu ya ce, "Ubanmu bai samu ba ne. Da ya samu, da ya duba." Shekara guda ba su ci tuwo a kwano ɗaya ba. Ba wanda ya ba wani haƙuri. Sai dai wata rana aka ji Kawu Babba yana tambayar wani da aka kawo daga Maiyama, "Kun zo da hoto?" Da labarin ya kai wa Kawu, sai ya sayi goro ya hau mota zuwa wurin wansa.

Wannan taurin kan bai bar shi ya kula da kansa ba. Shi da ya koya wa ɗaruruwan yara ƙirga bugun jininsu, ban taɓa ganin ya rubuta nasa ba. A zangon ƙarshe na bara ya fara tsayawa a zagaye na biyu, yana cewa ɗan Katanga yake jira, alhali ɗan Katanga yana gaba. Matarsa ta yi magana, Inna ta yi, ya ce gajiya ce. Da aka yi hutu ya koma Aliero wai ya huta.

Muka je duba shi ni da Inna wata ranar Asabar da hantsi. Yana kishingiɗe a rumfa, ƙafafunsa sun kumbura. Inna ta shiga ciki, ya kira ni da hannu.

"Hajiya Littafi, zo ki yi mani aiki." Ya kwance agogonsa ya ba ni, ya miƙo hannu. Shi ne karo na farko da na kama wuyan hannun wani ba nawa ba.

Na same shi nan da nan, amma ba irin wanda na sani ba ne. Zai yi sauri, ya yi sauri, sai ya tsaya kamar ya manta, sannan ya dawo da gudu. Na ƙirga har minti ya cika, na sake. Yana kallona yana murmushi, matarsa ta fito ta tsaya da buta a hannu. Wallahi na so in faɗi lamba mai daɗi.

Ya ce, "Nawa? Kada ki ba ni saba'in da biyu."

Na ce, "Ɗari da goma sha takwas. Kuma yana tsallake. Sau bakwai ya tsaya."

Ya janye hannunsa. Sannan ya ce, "To. Rubuta, da rana da lokaci. A kai ma likita." Ya dubi matarsa. "Ki gaya ma Yaya a nemo mota. Tunda malama ta hwaɗa, ba ni da ta cewa."

Washegari aka kai shi asibiti a Birnin Kebbi. Likita ya ce an makara, amma ba a makara duka ba. Ya samu mako uku, numfashinsa ya sassauta, ya dawo gida ya yi sallama da kowa, ya ci tuwo da wansa. Ranar wata Laraba bayan azahar Allah Ya karɓi abinSa.

Fom ɗin nan mai layi biyu ya kwana uku a cikin jakata. Ranar da za a karɓa na ɗauko rula na ja layi na uku a ƙasa, daidai tsawon sauran, na rubuta Tafiya, na sa alama. Ban gaya wa kowa ba. Amma 'yan ajinmu ba su daina leƙa littafina ba. Kafin a tashi tara, abin ya kai har aji huɗu.

Da azahar aka ce mataimakin shugaban makaranta yana kirana. Ban taɓa shiga ofishin nan ba. Fom ɗin suna tare a gabansa, Madam tana gefe tana duba jarrabawa.

Ya ce, "Wa ya ba ki izinin gyara takardar makaranta?"

Na ce, "Ba kowa, Malam." Ni kaina da ƙyar na ji muryata.

"Fom arba'in da ɗaya. Kuma na san rabinsu kwafa suka yi." Ya cire tabarau. "Ki ji, 'yata. Ba don ba mu ga girman marigayi ba ne. Ba mu da malami. Yaran nan marasa lafiya ne. In wani ya faɗi a bayan katanga, wa za a tambaya?"

Gaskiya ya faɗa. Sai na buɗe jaka na ajiye masa littattafaina uku na Alhamis, tun daga shafin da saba'in da biyu ya cika. Na ce, "Malam, da muna gindin itace ma marasa lafiya ne mu, ba dai wanda ya sani ne. Yanzu kowa ya san nasa. In lambar ta yi yawa ba ya tafiya. Ga ranar da aka kai ƙawata asibiti." Na nuna masa inda na rubuta a gefen shafi. Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan a gaban babba ba.

Ya daɗe yana buɗe shafuka. Madam ta ajiye jan bironta ta ce, "Zan tsaya musu."

Ya ce, "Madam, kin san aikin?"

Ta ce, "Ban sani ba. Ita ta sani."

Ya mayar da tabarau. "Zango ɗaya. In na ga wasa, na rufe."

Ranar Alhamis mutum ashirin da uku suka zo gindin dogonyaro. Sauran sun koma ƙwallo, ban ga laifinsu ba. Inna ta riga ta karɓo usur daga Aliero, matar Kawu ta ce ba amfanin ya yi ta rataya. Madam ta sa shi a baki ta busa, ya yi wani ɗan kuka kamar ɗan tsako, har 'yan ƙwallo suka juyo. Ɗan Katanga ya ce, "Madam, da ƙarfi, Malam ba ya lallashin shi." Ta sake, ya fita sosai.

Na tsaya a gaba na ɗaga hannu na nuna musu wurin, gindin babban yatsa, a gangaro kaɗan, kada a danna. Muka ƙirga. Ban taka ko ƙafa ɗaya ba, amma na samu ɗari da huɗu, don tsoro. Na rubuta shi yadda yake. Wata sabuwar 'yar aji huɗu ta miƙo wuya tana leƙa littafina. Na rufe da tafin hannu na ce, "Wannan nawa ne. Kawo hannunki mu nemo naki."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa kaifin harshensa da taurin kansa, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya ba matarsa da Inna da Kawu Babba haƙurin rashinsa. Wanda duk ya taɓa jin usur ɗin nan, in ya karanta wannan, ya yi masa addu'a. Amin.